Hannun Luba Mai Sanyi a Tsakiyar Bazara

Bana shekara shida ke nan da muka kai jikata Luba makwancinta. Ni ne Garba mai hatsi na Tudun Wada. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, can ma da surutu malamin ya san ni. In kun ga rubutun yana ɗingishi ku yi haƙuri, haka mai shi yake tafiya yanzu.

Kowa ya san wasan kaka da jika, amma nawa ya yi yawa. Tun tana rarrafe nake ce mata amaryata. Da ta kai sha biyar ta yi jiki irin na 'yan mata, sai na koma kiranta Buhun Gero. In ta shigo zaure in ce a kawo ma'auni, na fasa auren, ba ni da rumbun ciyar da ita. Takan rama, ta ce wa zai auri tsoho mai haƙori uku. A yi ta dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Daga baya ta fara azumin Litinin da Alhamis, sannan ta ƙara wasu ranaku. In an sha ruwa ta ce ta ci a gidan ƙawa. Mu kuwa sai sa mata albarka muke yi, har ina cika baki a kasuwa cewa gidana ya fitar da waliyyiya.

A bazarar Sakkwato, lokacin da kowa ke tsiyayar zufa, Luba na yawo da rigar sanyi, goshinta a bushe. Rannan ta miƙo mini goro, na ji hannunta kamar gindin randa. Na ce Allah ne ya sanyaya mata jiki saboda ibada. In ta miƙe daga sallah jiri ya kwashe ta, sai ta dafa bango. Uwarta, ɗiyata Kulu, ta yi ta kawo rubutu da hayaƙi. Sai da ta faɗi a tsakar gida muka kai ta asibiti.

Likitar ta faɗi sunan cutar da Turanci, har yau bai zauna a bakina ba. Ta ce ciwo ne mai sa mutum tsoron abinci da ƙiba ko da ya zama ƙashi da fata. Ta ce akwai jijiyoyi masu aiki ba da umarnin mutum ba, su ke kula da bugun zuciya, da zufa, da ɗumin jiki, da tura jini zuwa kai in an miƙe tsaye. In yunwa ta daɗe, sai su rage komai don tattalin ɗan abin da ya saura. Ta ɗora yatsana a wuyan hannun Luba. Na ji bugu ɗaya, na jira, na jira, kafin na biyu ya zo. Abin da muka daɗe muna kira albarka ke nan.

Kwana tara ta yi a can. Da hantsi zuciyar ta tsaya, ina bakin ƙofar asibitin ina zaɓo mata ayaba.

Na tambayi likitar ko bakina ne. Ta ce, "Baba, magana ɗaya ba ta kawo wannan ciwon." Ba ta ce babu ruwana ba, ni ma ban sake tambaya ba. Ban yi kuka ba ranar, ban yi ba har yau. Ina fita kasuwa, ina auna gero, ina dawowa.

Da tana nan, da ta kai ashirin da uku. Nakan tuna ta in na ga 'yan matan unguwa sun duƙufa kan waya, wata na neman shayin rage jiki, wata na neman ƙwayar ƙara shi. Ban san me za ta ce musu ba. Ita da ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ke cinta ba.

Ba ta bar komai ba sai littattafan makaranta da shirun da ya shiga zaurena. Makon jiya ƙanwarta Jummai, mai shekara sha huɗu, ta tsaya a kaina ta ce, "Kaka, mi niy yi maka? Kowa kakanai na tsokana tai, kai ko sunana ba ka ɓatawa."

Na buɗe baki ina neman sunan da zan laƙa mata, ban samu ko ɗaya da na yarda da shi ba. Na tambaye ta ko ta ci abinci. Ta ce ta ci. Na ce a zubo wani, ta zauna nan gabana mu ci tare.