Mutum Arba'in da Bakwai a Lambar Alhaji Tanimu

Kun sha tambayata dalilin da ya sa nake yawo da littafi da biro duk inda aka tura mu rajista, alhali ga kwamfuta. To, akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba, ranar da aka haska hoton Alhaji Tanimu a bango da sunan mace a ƙarƙashinsa. A shekarar da aka toshe layukan wayar mutanen da ba su haɗa su da lambar ɗan ƙasa ba abin ya faru. A shekarar ce kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata da komai.

Lokacin ni masinja ne a wani ƙaramin ofis a Samaru, inda ake ƙera shafukan intanet. Mu uku ne. Akwai Injiniya Mukhtar, mai ofishin, shi ne yake rubuta wa kwamfuta umarni. Akwai Asabe, sakatariya. Sai ni, mai shara da aike da tayar da janareta.

Aikin da muka samu daga wata ƙungiyar 'yan kasuwa ne a Sabon Gari, masu sayar da daddawa da busasshen kifi da kayan miya. Sun gina sababbin rumfuna a layinsu, za a rushe tsofaffin. Kwamitinsu ya yanke cewa duk wanda sunansa ya fito a rajista zai samu rumfa, wanda bai fito ba ya nemi wani wuri. Shugabansu, Alhaji Tanimu, ya ce ba ya son takarda, domin takarda tana ɓacewa. Injiniya ya ce da ma takarda ta zama tarihi.

Ga yadda rajistar take, don waɗanda ba su san aikin ba. Mutum zai zauna gaban Asabe ta shigar da sunansa da sana'arsa da lambar wayarsa, ta ɗauke shi hoto. Kwamfutarta ba ta ajiye komai. Tura bayanin take yi zuwa wata babbar kwamfuta mai nisa da ake kira saba. Sabar za ta aika wasu lambobi shida zuwa wayar mutumin, ya karanto, Asabe ta shigar. In sun yi daidai, allo ya yi kore. An yi rajista ke nan.

Ni ban taɓa ganin sabar ba. Da na tambayi Injiniya inda take, ya ce tana ƙasar waje, a ɗaki mai sanyi. Na ce lallai ta fi mu jin daɗin aiki.

Ranar farko, Litinin, muka hau keke-napep ni da Asabe muka kafa tebur a bakin layin. Injiniya ya zauna a Samaru, ya ce daga nan yana ganin komai. Alhaji Tanimu ne ya fara zama, ya gyara hula har sau uku kafin a ɗauke shi hoto. Allo ya yi kore, aka tafa.

Mutum na huɗu, wani dattijo mai kuka da kuɓewa, da aka tambaye shi lamba sai ya ce, “'Yata, layina an toshe shi tun watan jiya.”

Alhaji yana kan benci, ya ɗaga hannu. “Sa lambana. Ai duk 'ya'yana ne.”

Babu wanda ya ga wani abu a ciki. A layin nan da ma haka ake yi. In mai kawo kifi zai kira, wayar Alhaji yake kira. In an yi rasuwa a ƙauyen wani, ta wayar Alhaji saƙon yake zuwa. Asabe ta sa lambar, wayar Alhaji ta yi ƙara, ya karanto, allo ya yi kore.

Daga nan Alhaji ya samu aikin yi. Kwana uku yana kan bencin nan, tabarau a kan hanci, yana kiran lambobi kamar kwandasta a tasha. “Bakwai, biyu, tara! Na gaba!” In wayar ta cika, sai ya goge saƙonnin ya ba sababbi wuri.

Ni aikina tsare layi ne. Amma malamarmu ta ajin yamma ta ba mu aikin gida a makon, kowa ya rubuta sunan mutum goma kullum don hannu ya faɗa. Sai na ga ga sunaye a arha. Duk wanda ya tashi daga gaban Asabe, na rubuta sunansa da sana'arsa a littafina, a hankali, harafi bayan harafi. Ina cika goma sai na rufe littafin na sa a aljihu. Goma aka ce.

Ranar Talata, ina rufe littafin ke nan, Mama Rifkatu ta zauna. Ita ce ta sha ɗaya, kuma ita ma layinta a toshe yake. Daddawa take sayarwa, ta fi shekara ashirin a layin, kuma da rumfar nan take riƙe da jikoki uku tun rasuwar ɗanta. Ta ga ina mayar da biro aljihu, ta ce, “Malam Isiyaku, ni ba za ka rubuta ni ba? Ko sunana ya fi ƙarfin ɗan aji ɗaya?”

Na ce, “Mama, na cika goman yau. Ke kina cikin kwamfuta, wa ya kai ki?”

Ta yi dariya, ta ce, “To Allah ya sa kwamfutar ta san daddawa.” Ta ba ni ƙulli biyu in kai gida.

A ranar ce na lura da wani abu. A kusurwar allon akwai wata 'yar lamba da take nuna yawan waɗanda aka yi wa rajista. Ni kuwa lokacin duk inda na ga lamba sai na karanta, ko a jikin mota ce. Na ga wani lokacin in mutum ya tashi lambar ta ƙaru, wani lokacin kuma ta tsaya cak. Da Mama Rifkatu ta tashi, ba ta motsa ba. Na faɗa wa Asabe, ta ce wataƙila sabis ne.

Da muka koma Samaru na jira Injiniya ya cire abin kunnensa, na ce, “Yallaɓai, lambar nan ta kusurwa wani lokaci ba ta tafiya.”

Ya ce, “Baba, allo yana yin kore?”

“Yana yi.”

“To shi ke nan. Lambar tana jinkiri ne, za ta cim ma su. Saba ba ta barci, ba ta mantuwa.” Ya dube ni yana murmushi. “Har an fara karanta allo? Nan da baɗi sai ka karɓe kujerata. An sayo man janareta?”

Ban ce masa mutane suna amfani da lambar Alhaji ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ban ɗauke shi labari ba ne. Shi kuma bai tambaya ba, domin a kansa babu duniyar da mutum biyu suke da lamba ɗaya.

Ranar Laraba aka rufe rajista. Ta ƙarshe ita ce Ladi mai ɗanwake, ita ma da lambar Alhaji.

Ranar Asabar aka yi bikin raba rumfuna. An kafa rumfar taro, an ɗauko lasifika, an rataya farin zane a bango don haska sunaye. Injiniya ya zo da kwat duk da zafin da ake yi, ya yi jawabi rabi Hausa rabi Turanci. Ya ce daga yau an daina cuwa-cuwa a layin nan, domin na'ura ba ta da ɗan'uwa. Aka tafa. Ya ce don girmamawa za a fara da mutum na farko a rajista. Ya danna.

Hoton Alhaji Tanimu ya cika bango, da hular da aka gyara sau uku. A ƙarƙashinsa an rubuta: Ladi Bulus, mai ɗanwake.

Ni na riga mutane da yawa karantawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin cewa na karanta daidai. Daga baya wani ya karanta da ƙarfi. Sai wata murya daga baya ta ce, “Alhaji, a zubo mana na safe, a sa yaji!” Ladi kuwa ta miƙe tana cewa, “Ni dai sunana ne, amma gemun ba nawa ba ne!”

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce a nemo sunansa. Aka nema, babu. Aka nemi dattijo mai kuka, babu. Aka nemi Mama Rifkatu, babu. A nan dariya ta ƙare.

Injiniya ya zauna kan bencin Alhaji da kwamfuta a cinya, gumi yana jiƙa kwat. Bayan ɗan lokaci ya ɗago ya ce, “Mutum nawa ne suka sa lamba ɗaya?”

Asabe ta ce, “Duk wanda aka toshe wa layi.”

“Me ya sa ba wanda ya gaya min?”

Alhaji ya ce, “Me za a gaya maka? Lambana ne, na ba mutanena. Laifi ne?”

Ga abin da ya faru, kamar yadda Injiniya ya bayyana daga baya. Shi ya koya wa saba cewa lambar waya ita ce mutum. Ya kuma koya mata cewa in lambar da ta sani ta sake zuwa, to mai ita ne ya dawo gyara kuskure, sai ta goge tsohon suna ta rubuta sabo. Hoto ne kawai ya hana ta canzawa, don maganin 'yan damfara. Saboda haka a wurin saba, Alhaji Tanimu mutum ne mai yawan canza ra'ayi, wanda ya sauya suna da sana'a sau arba'in da shida cikin kwana uku, ya ƙare a kan ɗanwake. Duk lokacin da ta goge mutum, sai ta yi kore don ta nuna ta gama aikinta lafiya. Ba ta yi barci ba, ba ta kuma yi mantuwa ba. Abin da aka ce ta yi shi ta yi.

Aka tambayi kwafin ajiya. Injiniya ya ce akwai, ya ɗauke shi ranar Laraba da yamma, bayan an rufe rajista. Ladi ce a ciki. Aka ce a duba saƙonnin wayar Alhaji. Ya goge.

Sai na fito da littafina. Sakataren kwamiti ya karɓa da yatsa biyu, ya ce, “Wannan ai aikin gida ne na ɗan makaranta. Mun yanke ba ma aiki da takarda.” Alhaji ya ce a miƙo masa. Ya buɗe shafin farko, layin farko, ya ga sunansa da rubutuna mai kama da tafiyar kaza. Ya rufe, ya ce, “Wannan littafi shaida ne. Malamin nan mutumin kirki ne.” Nan take takarda ta dawo daga tarihi.

Cikin suna talatin da na rubuta, ashirin da biyu na waɗanda aka goge ne, har da Alhaji. Aka mayar da su. Na ce, “Ranka ya daɗe, sauran ma na gan su da idona. Mama Rifkatu a gabana ta zauna ranar Talata.” Asabe ma ta shaida. Sakatare ya ce in aka buɗe ƙofar shaidar baki, gobe duk Sabon Gari za ta ce ta zauna. Abin da aka rubuta kawai za a bi. Injiniya ya ce a ba shi kwana biyu ya gyara, a sake rajista. Kwamiti ya ce an riga an gayyato baƙi, an yi addu'a, ba a maimaita biki. Rumfunan da suka rage kuwa, kafin sati ya zagayo, an samu masu su. Biyu daga cikinsu surukan sakatare ne, kuma kowannensu yana da layin wayarsa.

Mama Rifkatu ta same ni ina naɗe wayar lasifika. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Malam Isiyaku, malamar taku da ta ce goma, ta ce in ka yi sha ɗaya za ta dake ka?”

Na ci gaba da naɗe wayar.

Injiniya ya gyara sabarsa a daren bikin cikin minti kaɗan, ya ce layi uku ne kacal na umarni ya canza. Mutumin kirki ne, kuma ya san aikinsa. Abin da bai sani ba shi ne layin daddawa, domin bai taɓa zama a bencinsa ba. Mu kuma da muka zauna, ba mu san cewa abin da muka saba da shi labari ne ba. Abin da aikin nan ya koya min ke nan: kafin a gaya wa na'ura wane ne mutum, a je a ga yadda mutanen suke zaune. Kore kuma launi ne kawai. Shi ya sa yanzu nake rubuta kowa, ko layi ya kai bakin titi, ko hannuna zai sage.

Mutum arba'in da bakwai suka yi rajista da lambar Alhaji. Saba ta riƙe ɗaya. Littafina ya dawo da ashirin da biyu. Ashirin da huɗu suka rasa rumfa. Tara sun koma wasu kasuwanni, shida sun bar sana'ar, takwas ban san inda suke ba. Ɗaya tana bakin titi ƙarƙashin lema, da faifan daddawa a kan bokiti, kuma duk ranar da na wuce sai ta ce, “Ɗan aji ɗaya, yau an cika goma?”