A Shuka ko a Jira

Shekara goma sha bakwai Winifred ta yi tana buga takardu a sashen gona na ƙaramar hukuma. 'Yar kudancin Kaduna ce, aure ya kawo ta ƙasar Makarfi. Tana da 'yar gonar masara a bayan gari.

Wata Litinin shugaban sashen, Alhaji Jumare, ya dire mata wani littafi mai kauri a kan tebur, ya ce daga Abuja yake.

"Daga yau ke ce jami'ar sauyin yanayi."

"Ranka ya daɗe, mene ne aikin?"

"Yana ciki," in ji shi. Da ta matsa masa, ya ce shi ma bai kai ƙarshen littafin ba.

Sau biyu ta karance shi. Ko'ina an rubuta cewa ƙaramar hukuma ce ta fi kusa da manoma, amma ba ta ga abin da za ta faɗa musu ba. Ana haka takardu biyu suka iso daga sama a mako guda. Ɗaya ta ce damina za ta gajarta, a shuka da ruwan farko. Ɗayar ta ce ruwan zai ɗauke bayan ya fara, a dakata.

Ta ɗauke su ta nufi ƙauyen Gazara. Manoma suka taru a ƙofar gidan mai unguwa, aka gaisa, ta fassara musu duka biyun. Wani dattijo, Malam Ɗayyabu, ya gyara zama.

"To Malama, mu shuka ko mu jira?"

"Gaskiya, Baba, ban sani ba."

Ta zaci za a yi mata dariya. Dattijon ya jinjina kai ya ce shekara arba'in yana noma, bana shi ma bai sani ba.

Da ta rasa mafita, sai ta raba gonarta biyu, rabi ta bi wannan takarda, rabi waccan. Wasu a Gazara suka ji, suka yi haka. Ruwa ya ɗauke kwana ashirin, shukar farko ta ƙone. Ta biyun ta yi kyau, sai dai ambaliyar Agusta ta cinye wadda ke kwari. Kowa dai ya sami na tuwo.

Ta rubuta rahoto, ba ta ɓoye komai ba. Bayan wata biyu aka gayyace ta Kaduna ta yi bayanin "sabuwar dabarar raba gona". Ta tambayi Alhaji Jumare ko yabo ne, ya ce da alama.

Ta je ta faɗi yadda aka yi, har da cewa rashin sani ne ya sa ta raba gonar. Aka tafa mata sosai. A mota, har aka wuce Zariya, tana tunanin wane wuri ne a maganar tata ya burge su.