Iliyasu Mai Kwalba da Ramin Nababa

Kafin hantsi ya dubi ƙofar ƙaramin asibitin da ke kusa da Tofa, Malam Iliyasu Tahir ya riga ya share ɗakin tiyata, ya dafa almakasai, ya naɗe bandeji. Daga nan sai ya jera ƙananan kwalabe a kan tebur, ya zuba wa kowace ruwan maganin da ke hana nama ruɓa. Ba likita ba ne, kuma bai taɓa bari a kira shi haka ba. Aikinsa shirya kaya. Amma duk ƙarin da aka cire a fatar mutum a wannan ɗaki, shi ke rufe shi a kwalba, ya ɗaure a bayan babur, ya bi ta Rijiyar Zaki ya kai ɗakin awo a Kano. Shi ya sa ake ce masa Mai Kwalba. A ƙarshen wannan wata zai yi ritaya.

Aikin ƙari kuɗi biyu ne: na cirewa da na awo. A lissafin manoman yankin, na farko ya kai rago, na biyu buhun takin zamani. Mutum yakan sayar da ragon ba gardama, don ƙarin yana damunsa, yana kuma ganinsa. Na awon ne ake ja. An cire abu, an ɗinke, ciwo ya tafi. Me kuma za a biya? Iliyasu ya ɗauki ɗabi'ar faɗa wa mutum kuɗin duka biyun tun bai hau gado ba, ya kuma daina barin kowa ya kashe kuɗin mota: shi yake kai kwalaben a haɗe, shi yake dawo da sakamako.

Maƙwabta sun fi son ba da labarin Nababa, wani manomin gero da gyaɗa. Shekarun baya, ana dab da damina, wani baƙin ƙari ya fito masa a kafaɗa, daidai inda yake saɓa fartanya, yana zubar da jini in an taɓa. Ya sayar da rago, aka cire. Kafin ya tafi ya roƙi a nuna masa abin. Iliyasu ya miƙa masa kwalbar, ya juya wanke hannu. Da ya waiwayo, babu Nababa, babu kwalba.

Da la'asar Iliyasu ya isa ƙauyen. Bilkisu, matar Nababa, ta yi masa nuni da bayan gidansu.

"Yana can, Malam. Na ce masa mai ɗinki a kafaɗa ba ya haƙa, ya ce da hannun hagu zai yi."

Ya tarar da rami har gwiwa, Nababa a tsugunne, kwalbar an naɗe ta a farin ƙyalle.

"Salamu alaikum. Wa ya rasu ba a gaya mana ba?"

"Ka daina wasa, Malam Iliyasu. Naman jikina ne. Mu abin da muka tashi muka gani, ko cibiyar jariri binne ta ake yi. Ni ina nan, yankin jikina yana yawo a Kano?"

"Kai da kake zuwa Kano sayen gatari, shi ne ba zai je neman lafiyarka ba?"

Nababa ya yi dariya har ɗinkin ya motsa, ya dafe kafaɗa. Sannan ya faɗi gaskiyar da ke ƙasa. Abin da ya rage masa na taki ne. Gonarsa 'yar kaɗan ce, kamar ta kowa a nan, inda kunyar wani ke ƙarewa a nan ta wani ke farawa. In ba taki, ba gero.

Iliyasu bai yi masa wa'azi ba. Ya ce binnewa girmamawa ce, bai musa ba, amma abin da ke cikin kwalbar shi kaɗai zai iya faɗin ko ya bar saiwa a jiki. In an binne shi, an binne amsar. Da ya zo kan taki, sai ya tambaya ko jakin Nababa yana da lafiya.

"Lafiyarsa ƙalau. Shi ma awo za a yi masa?"

"Mangala zai ɗauka. Takin awakina na rani gaba ɗaya yana bayan gidana. Ka kwashe, ka biya awo da kuɗin takin, ka ba ni kwalbata."

Bilkisu, wadda ke tsaye a bakin danga, kafin maigidan ya buɗe baki ta riga ta ɗauko kwalbar ta damƙa wa Iliyasu.

Sakamakon ya nuna ciwon daji ne na fata, kuma akwai saura a gefen wurin. An tura Nababa Kano, aka ƙara yanke ɗan abin da ya rage tun bai yi nisa ba. Likitan ya gaya masa da an bar shi shekara guda, ba rago ba, gonar ma ba lalle ta isa ba. A waccan damina geron Nababa ya yi kyau. Na Iliyasu ya fito rawaya-rawaya, abokan aiki suka yi ta tsokanarsa har kaka.

Malam Iliyasu, kai ne ka gane cewa mutanenmu ba ƙin magani suke yi ba, tsoron yunwar baɗi suke ji. Kai ne ka bi mutum har bakin rami ba ka raina al'adarsa ba. Ba kowace kwalba ce ta dawo da labari mai daɗi ba, amma ba ka taɓa aiko wani ya faɗa a madadinka ba. Mai Kwalba, mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya sa hutun ya yi albarka.

Ga matasan da za su gaji ɗakin: ku faɗi kuɗi duka tun farko, ku rage abin da za ku iya ragewa, kada ku bar kwalba ta tafi ba a auna ba. Ga masu ƙari kuma: in kun shirya na cirewa, ku shirya na awo.

Ramin kuwa, a wannan yanki ba a barin ƙasa a banza. Da ruwa ya sauka Nababa ya dasa mangwaro a ciki. A makon jiya ya shigo asibiti da kwando a kan wannan kafaɗar, ya dire a gaban Iliyasu.

"Ga 'ya'yan kabarin nan," in ji shi. "Ka ci. Ko su ma sai an kai su Kano?"