Ɗan fishiyen da na goge da hannuna

Na yi istaj ɗina, wato koyon aiki na shekarar ƙarshe, a wani ƙaramin biro a unguwar Maourey. A ɗakin baya akwai babban ordinater, wato kwamfuta, a cikinsa an ƙirƙiri wasu ƙanana marasa jiki, kowanne yana aiki kamar na gaske. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da makin ɗaliban wata lakkol. Ni abin da nake bukata sa hannun shef, shugaban biron, a kan rahotona, don idan babu shi ba zan ƙare karatu ba.

Saura kwana uku in gama, shef ya ce in goge bayanin ƙaramin ordinater na lakkol in sake rubuta shi da sabon suna, in bar diskinsa. Na buga umarnin, babban ordinater ya ƙi. Ya ce akwai wani ɗan fishiye, wato fayil, mai suna nvram, sai na faɗa masa ko a goge ko a bari.

Na san fishiyen. Shafi guda na rubuta a kansa a kaye ɗina, littafin da nake rubutu, har da jan layi. A cikin fishiyen ne ƙaramin ordinater yake ajiye hanyar da zai bi ya tashi, idan an goge shi ba zai tashi ba.

Shef ya leƙo ta kafaɗata, kofin shayi a hannunsa.

"Mi kake jira, ƙanena? Goge shi, bai kai girman hoton fasfo ba."

Kayen yana buɗe a gabana. Na ce, "To, shef," na goge.

Da muka kunna, baƙin allo ne da ƴan haruffa. Diski lafiya lau, makin yara suna ciki, amma ordinater bai san ƙofar ba. Daraktan lakkol ya kira sau huɗu kafin azahar, iyaye suna jiran takardu. Shef yana fita waje ya amsa, ya dawo ya tsaya a kaina.

Sai bayan la'asar na nuna wa ordinater hanyarsa da hannu, layi bayan layi, ya tashi. Shef ya ɗauki kayen don ya ga yadda na yi, idonsa ya faɗa kan jan layin.

"Yaushe ka rubuta wannan?"

"Watan jiya."

"Ka sani ke nan, ka bar ni ina ba daraktan haƙuri tun safe?"

Haushin kaina ya fi nasa yawa.

Ya sa hannu a rahoton ranar Alhamis. A wurin ra'ayin shugaba ya rubuta da faransanci cewa na san aiki, amma ba na magana. A taksi zuwa gida na karanta jimlar sau da yawa, ina neman kalmar da zan ce bai yi mini adalci ba. Har muka wuce otel ɗin Gaweye ban samu ba.