Ranar da Na Hana Ƙanena Janareta

Shekarun baya, lokacin da jihar Kebbi ba ta gama zama da gindinta ba, waya ma sai an je bakin tasha an biya ake kira, an taɓa kawo mini kiwon abin da ba ya cin dusa, ba ya shan ruwa. Jikata ce ke rubuta muku wannan, don ni ban taɓa zama a aji ba. Na dai gaya mata sai ta karanta mini kafin ta saki, kuma in ta ƙara gishiri zan gane.

Gidana yana bayan tashar manyan motoci a Jega. Tun da mai gidan ya rasu ba na fita sai da dalili, kuma duk unguwa an san ni da sa ido. Ba a shiga zaurena a fita ban san abin da aka shigo da shi ba. Halin nan da ake gulmata a kansa, shi ya jawo mini aikin.

A lokacin, masu albasa da direbobin da ke kwasarta zuwa kudu sun gaji da faɗa a kan layin lodi. Duk kakar albasa sai an kai ga shaƙe wuya, wannan ya ce motarsa ce a gaba, wancan ya rantse shi ya riga zuwa. Sai ƙungiyarsu ta sayo kwamfutoci, aka sa ɗaya a tashar Jega, ɗaya a Aliero, ɗaya a Maiyama. Akwai kuma wata babba, baƙa, mai ƙugi, wadda ake nema wa wurin zama. Shugaban ƙungiya ya zo mini da wani injiniya daga Sakkwato, saurayi mai fara'a.

"Inna," in ji injiniyan, "mu da Turanci saba muke ce mata, amma ke ki ɗauke ta uwa. Waɗancan ƙananan ɗiyanta ne, ba su san komai ba sai sun tambaye ta. Ita ke riƙe da layin kowace mota. In ta yi shiru, Aliero ta yi shiru, Maiyama ta yi shiru."

Na ce, "To mi ya sa sai gidana?"

Shugaba ya yi tari ya ce, "Ɗakinki na siminti ne, ga shi kusa da tasha. Kuma, Hajiya, ko ni tsoron ki nake ji."

Ranar ƙulla yarjejeniya na sa aka kira liman da mai unguwa, na sayo goro kamar za a ɗaura aure. Injiniya ya fara karanta takarda yana fassarawa, yana ta zuba kamar ruwan sama. Na ɗaga masa hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Mahaifiyata ta yi kiwon awakin mutane a Dangamaji har ta tsufa, ba ta taɓa rigima da mai akuya ba. Don tun ranar farko ake raba magana: ga nawa, ga naka, ga abin da za a yi in dabba ta kwanta. Raba mini haka."

Ya yi dariya, ya raba. Nawa shi ne ɗaki da makulli, da share ƙura, da fanka kada ta tsaya, in an ɗauke wuta kuma in tada janareta. Ba zan buɗe cikinta ba, ba zan kashe ta ba, janaretan kuma ba zai fita ƙofar gidan ba ko don wa. Mai da gyaran janareta na ƙungiya ne. Ciwonta na injiniya ne: in na kira shi, kada rana ta sake faɗuwa bai iso ba. In kuwa ta mutu ranar lodi saboda sakacina, za su ɗauke abinsu su kai wani gida.

"Saura guda," na ce. "Mai kiwo mutum ne, yana da biki yana da rasuwa. Ran da zan tafi, wa zai zauna da ita?"

Wannan ba ya cikin takardar. Injiniya ya sosa kai, ya rubuta da hannunsa cewa in na sanar da shi da wuri, shi da kansa zai zo ya zauna. Na sa aka maimaita mini duka har sai da liman ya fara hamma, sannan na dangwala yatsa.

Ba zan ɓoye muku ba, na ɗauki abin da zafi fiye da kima. Kaza ta leƙa ɗakin, washegari muka ci ta. Shugaban ƙungiya kansa sai ya cire takalmi nake bari ya leƙa daga bakin ƙofa. A makon farko na ga wata 'yar fitila koriya tana ƙyafta ido a gabanta, na ɗauki mayafi na je tasha na kira injiniya na ce ciwo ya kama ta. Ya taso tun daga Sakkwato cikin rana, ya duba, ya juyo yana danne dariya.

"Inna, numfashi take yi. Ran da ta daina ƙyaftawa, ranar za ki kira ni."

Na dama masa fura. Amma na lura da abu guda: na kira, ya zo. Daga ranar na san da mutumin kirki nake aiki.

Ana nan, faɗa ya ƙare a tasha, sai ga bikin ɗan ƙanena. Ƙanen nan nawa shi ne autanmu, a bayana ya girma, yana noma a Liba, kusa da Maiyama. Ɗansa na fari zai aurar, ni ce babbar gwaggo. Bikin ya faɗo tsakiyar kakar albasa, ga zafi kamar a gasa mutum, ga taransifomar unguwarmu ta ƙone an daɗe ba wuta. Janareta kaɗai ke riƙe da ran kwamfutar. Shi kuma Auta ya riga ya cika baki a gaban surukai cewa bikin ɗansa da lasifika da ƙwayayen wuta za a yi shi, wanda ya yi masa alkawarin hayar janareta kuma ya saɓa.

Ana gobe biki ya iso da a-kori-kura, ya tsaya a ƙofar gidana, inda direbobi ke shan inuwa. Ko zama bai yi ba.

"Yaya, janareta na zo ɗauka. Jibi da safe in maido."

"Ba nawa ba ne, Auta."

"A gidanki yake."

"Kiwo aka ba ni. Gobe ranar lodi ce a gari uku. In na kashe shi, motocin mutane sun tsaya, albasa ta dahu a buhu."

"Yini guda fa, Yaya! Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Ashe akwatin ƙarfe ya fi ɗana wurinki? Mi zan ce ma surukai?"

"Ka ce musu yayarka ta hana. Ka ɗora mini, na ɗauka."

Na miƙa masa ruwa a kwanon sha. Bai karɓa ba. Ya shiga mota ya ja, direbobi suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba. Ni kuwa na shige ɗakin kwamfuta na rufe ƙofa, don kada a ga idona. Tun yana goyo ban taɓa miƙa masa abu ya ƙi karɓa ba. Na tsaya ina kallon 'yar fitilar nan tana ƙyafta ido, na ce mata, "Ke dai kin ja mini."

Da na nutsu, na je tasha na kira injiniya.

"Inna, lafiya take?"

"Ita lafiya lau. Abin da ka rubuta da hannunka nake so. Gobe ina da biki."

"Kin ce za ki sanar da wuri fa."

"Wurin ke nan. Da niyyata in aika gudummawa in zauna, yanzu kuwa dole a ga fuskata."

Washegari da hantsi ya iso. Na damƙa masa makulli, na nuna masa inda tsumman share ƙura yake, kamar ba shi ya koya mini ba. Na hau mota zuwa Liba.

A can, mata suka yi ta kallona ta gefen ido, labari ya riga ni isa. Auta ya fito, ya tsaya nesa ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Hajiya! Mutumin da bakinsa bai taɓa kirana da komai ba sai Yaya. Na haɗiye, na shiga cikin gida na kama tuƙin tuwo. Aka ɗaura aure, aka ci, aka sha, amma duk wanda ya dubi uban ango ya san ransa ba daɗi. An kafa sanduna a fili, an ja waya, ƙwayaye suna reto ba wuta. Lasifikar da aka aro tana jingine a gindin bishiya, makaɗa suna ta ƙoƙari da maƙogwaronsu.

Ana idar da sallar magariba, mata sun fara kunna fitilun ƙwai, sai muka ji ham daga bakin hanya. Ba na mota guda ba. Yara suka ruga. Sai ga manyan motoci a jere, kowace ta sha lodin albasa har sama, suna tafe a hankali suna tada ƙura. Hanyarsu ta kudu ta Maiyama take bi, sai suka ratse. Suka kewaye filin, suka juyo da hancinsu ciki, suka kunna fitilu gaba ɗaya. Wallahi allura ta faɗi sai ka tsince ta. Wani kwandasta ya sauko da batir a kafaɗa, aka jona lasifika, ta yi wata ƙara sai da jarirai suka farka.

Babban direbansu, wani dattijo mai jan gemu, ya sauko ya nufi Auta.

"Kai ne uban ango? Jiya muna zaune munka ji abin da Inna ta yi. Yau gari uku an yi lodi, ko musu ba a yi ba. Ta hana ka janareta guda don mu, to ga namu mun kawo. Sai dai ka yi haƙuri da warin albasa."

Fili ya ɗauki guɗa. Makaɗa suka samu murya, direbobi suka shiga rawa da tawul a wuya, surukai suka saki baki. Wata tsohuwa daga dangin amarya ta ce ita duk yawon bikinta ba ta taɓa ganin wanda aka haska da motoci ba. Ni ina zaune a kan tabarma na ɗaure fuska yadda na saba, amma ƙafata tana bin kiɗa a ƙarƙashin zane.

Can sai na ga mutum ya durƙusa a gabana da kwanon sha a hannu.

"Yaya, kin sha ruwa kuwa?"

Na karɓa na sha, na miƙa masa sauran, ya shanye. Ba mu sake tada maganar ba.

Mutane sukan ce ai na san direbobi za su zo. Ban sani ba. Da ba su zo ba, da bikin ya ƙare a duhu, da Auta ya daɗe yana kirana Hajiya, kuma da hakan ma ba zan ba da janaretan ba. Abin da na amsa a gaban liman na amsa. Amma ranar na gane cewa in ka riƙe naka ɓangaren tsakani da Allah, akwai masu kallo da ba ka san suna kallo ba. Injiniya ma ya riƙe nasa. Da na dawo na same shi ya share ɗakin, ya kuma shanye mini fura.

Kwamfutar ta yi shekaru a gidana kafin a sauya tsari. Yanzu jikata ta ce irin waɗannan uwayen a can wata ƙasa ake ajiye su, ba mai ganinsu. Na ce to, Allah ya sa dai an raba magana, an san wanda zai zo in sun kwanta.

Da bikin ɗan Auta na biyu ya taso kuwa, sai ga shi da a-kori-kura a ƙofar gidana. Ya duba ya tabbatar direbobi suna inuwa, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Yaya, janareta na zo aro. Don Allah ki hana ni da ƙarfi, yadda za su ji."