Na Ce Na Duba Ɗakin, Alhali Ban Shiga Ba

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya same ni, ni ce matar da ake buga misali da ita wajen tsabta a ƙauyenmu, wani ƙauyen Hausawa da ke tsakanin Hasahisa da Kamlin. Ina da 'ya'ya biyar. Da safe in bi maigidana hawasha, wato gonar da muke nomawa da ruwan tur'a, babbar magudanar ban-ruwa da ta ratsa ta bayan gari, in dawo in hura wuta in yi kisra, gurasarmu ta dawa, in yi wanki, amma duk sanda kika shigo gidana za ki tarar da tsakar gida a share tas, an yayyafa ruwa, gadaje a jere a ƙarƙashin rumfa. Mata in sun zo shan jabana, wato gahawa, sai su riƙa cewa za su turo mini 'ya'yansu su koyi riƙon gida. Ni kuwa sai in yi murmushi in ƙara musu turare a kasko, kaina na fasuwa. Ba wadda ta san cewa tsabtar tawa a bakin ƙofar ɗaki guda take tsayawa.

Ɗakin nan don baƙi aka gina shi, amma baƙo bai taɓa kwana a ciki ba. Ni Allah ya yi ni ban iya jefar da abu ba. Gwangwanin tumatir in ya ƙare sai in wanke in ajiye. Jarkar mai da ta huje, buhunan taki, rigunan da suka yi wa yara kaɗan, fankar da ta mutu tun ina goyon farko, ƙafar gado, tabarmin da suka zare, takalma ƙafa ɗai-ɗai cike da kwando, duk suna can, wai wata rana za su yi amfani. Gyaran gida a wurina shi ne in kwashe daga nan in watsa can, in ja ƙofa. Kullum ina ce wa kaina in an gama cirar auduga zan zauna in tsince, in an gama auduga sai alkama ta taso, in an gama alkama sai azumi. Har ta kai ƙofar ba ta buɗuwa duka, sai an karkace ake shiga. Na hana yara zuwa wurin, har da duka. Ba don tsoron wani abu ya same su ba, a'a, don kada su bar ƙofar a buɗe wata baƙuwa ta leƙa.

Cikin tarkacen akwai wata tsohuwar firiza irin mai murfi daga sama, wadda mu nan muke ce wa talaja. Ƙanin maigidana ne ya zo da ita daga Khartoum lokacin da zama ya gagara a can, ta lalace a hanya, shi kuma ya wuce gaba da iyalinsa ya bar ta. Sau da yawa maigidana yana cewa a ba masu sayen tsohon ƙarfe da suke zagayawa da keken jaki, ni kuma ina cewa ai ta fi akwati, ɓera ba ya shiga. Na zuba barguna a gindinta, na rufe, na ɗora mata kaya a kai. Da ya gaji da magana sai ya ƙyale ni da abina.

Ran da abin zai faru, ana tsananin zafi irin wanda ko awaki ba sa fitowa daga inuwa. Da sassafe maƙwabciyata, wata dattijuwa da muke ce wa Hajja, ta aiko in ara mata murfin babbar tukunya. Na shiga ɗakin na birkita ko'ina ban gani ba. Na sauke kayan da ke kan talajar, na ɗaga murfinta, na jingina shi da tarin tabarmi da wani tsohon injin niƙa na hannu da ke bisa buhuna a bayanta. Nan ma babu. Maigidana yana ta kira daga waje rana tana yi, sai na fito da sauri na ja ƙofar kawai, don makullin kwaɗon ma ya daɗe da ɓata a cikin wannan shirgi. Murfin talajar kuwa a buɗe na bar shi, kuma ban sake tuna shi ba.

Bayan azahar na gama abinci na zuba wa yara, na ƙirga kawuna, babu autata. Shekararta huɗu a lokacin, yarinya ce mai surutu, in tana gida ba a rasa sani. Yayarta ta ce ta gan ta ɗazu tana wasa, daga nan ba ta sani ba. Na leƙa ƙarƙashin gadaje, na leƙa banɗaki, na duba bayan randa. Na je ƙofar ɗakin nan, na tura ta kamar tafin hannu, na kira sunanta sau ɗaya, na ji shiru, na mayar da ƙofar. Daga nan na fita maƙwabta ina tambaya. Kafin ka ce me, gidana ya cika da mata, kowa tana ɗaga wannan tana leƙa wancan. Sai na ga Hajja ta nufi ƙofar ɗakin, tana cewa kamar ta ji ana buga wani abu a ciki. Wallahi ban san lokacin da na sha gabanta ba. Na tsaya a bakin ƙofar na ce mata kyanwa ce, ta haihu a ciki, kuma ni na riga na duba ɗakin tas, ba ta nan. Batun kyanwar gaskiya ne, ta haihu a bayan buhuna. Batun dubawar ne ƙarya. 'Yata ta ɓace, amma duk da haka akwai wani lungu a zuciyata da yake tunanin abin da matan nan za su ce in sun ga ɗakin. Hajja ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ce to mu nufi tur'a.

Duk uwar da ta tashi a wannan yanki ta san abin da kalmar nan take nufi in yaro ya ɓace. Muka ɗunguma muka isa bakin tur'ar. Maza sun riga sun ji, sun baro gonaki da masallaci. Suka tuɓe jallabiyoyinsu, suka riƙe hannun juna, suka jera daga wannan gaɓa zuwa waccan, suna tafiya a hankali suna laluben laka da ƙafa, kamar yadda ake yi a nan tun kaka da kakanni. Aka aika wa mai tsaron ƙofar ruwa ya rage ruwan. Maigidana kuwa yana can wajen bututun da ke ƙarƙashin gada, inda ruwa yake tara duk abin da ya ɗauko. Ya nutse, ya taso da ciyawa a hannu, ya ja numfashi, ya sake nutsewa. Duk sanda wani a cikin jerin ya tsaya ya sunkuya, sai in zuba masa ido har sai ya ɗago da reshe ko tsumma. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yini ba. Ina so in yi addu'a amma ban da sunan Allah ba abin da yake fitowa.

Muna cikin haka wata mata ta tsinci silifas ja na ƙaramin yaro, ƙafa ɗaya, a cikin ciyawar gaɓa. Ta kawo mini, mata suka zagaye ni suna jira in ce nata ne ko ba nata ba. Na juya shi, na sake juyawa. Ban sani ba. Uwa ce ni, amma ban san takalmin da 'yata ta sa ranar ba, don a gidana takalma sun fi ƙafafu yawa, in ɗaya ya ɓata sai in jefa ɗan'uwansa a kwando in sayo wani, yara kuma su zari duk wanda hannunsu ya kai. Na tuna dai ta taɓa yin ja irin wannan. Sai na ce a raina in jajayen nan suna cikin kwando, to wannan ba nata ba ne, ba ta zo bakin ruwa ba. Na ƙwace daga hannun matan na ruga gida ba mayafi. Ku ji fa, takalmi ne ya mayar da ni ɗakin nan, ba 'yata ba.

Na bangaje ƙofar da kafaɗa na shiga. Zafin ciki ya buge ni kamar na buɗe tanda. Kafin in kai ga kwandon sai na ga kyanwar nan tana zagaya talajar, tana kuka, tana yakushin jikinta. Sannan na ga murfin a rufe, tabarmi da injin niƙan nan sun rufto a kansa. Ni na san a buɗe na bar shi. Ban san da wane ƙarfi na ture injin ba, abin da a da sai mun kama mu biyu. Na ɗaga murfin. Tana kwance a ƙudundune a kan barguna, jikinta sharkaf, ta yi fitsari, leɓunanta sun yi fari, idanunta a lumshe. A ƙirjinta ta rungume ɗan kyanwa guda, ya riga ya mutu. Na ɗauko ta, kanta ya langaɓe a kafaɗata, na fito tsakar gida na kurma ihun da aka ji har bakin tur'a.

Hajja ce ta fara isowa, ashe ta biyo bayana. Ita ta karɓe ta, ta tuɓe mata riga, ta riƙa kwara mata ruwan randa tana kiran sunanta a kunne, ni kuwa ina durƙushe ban tsinana komai ba. Can sai yarinyar ta ja wani numfashi mai ƙara, ta yi amai. Aka sa mu a motar wani mai kai kayan lambu kasuwa sai asibiti a Hasahisa, maigidana yana bayan motar da laka har wuya. Aka yi mata ƙarin ruwa. Daga baya da aka duba talajar, sai aka ga ɓeraye sun cinye robar bakin murfin ta gefe guda, ɓerayen da na rantse ba sa kusantarta. Ta wannan 'yar kafa iska take shiga, Allah ya sa da sauran kwananta. Da ta fara magana ta ce shimfiɗa ta je yi wa ɗan kyanwar a kan bargo, murfi ya faɗo, ta yi ta bugawa. Ta ce ta ji muryata a bakin ƙofa, amma ba ta kira ni ba da farko, don tana tsoron in doke ta saboda ta shiga ɗakin. Da ta fara bugawa da ƙarfi kuma, sai ta ji kowa ya tafi.

Maigidana bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Muna zaune a bakin gadon asibitin ya tambaye ni sau ɗaya, a hankali, ba an ce na duba ɗakin ba? Daga wannan bai sake tambaya ba har yau. Hajja kuwa ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa. Da muka dawo gida ni da kaina na bi gida-gida na roƙi mata su zo su taya ni, na buɗe musu ƙofar, na tsaya ina kallon suna fitar da abin da na ɓoye shekara da shekaru. Ba wadda ta yi mini dariya. Wata ma cewa ta yi nata ɗakin ya fi wannan. Abin da ke da amfani muka rarraba wa masu buƙata, ƙarfe ya bi mai keken jaki, sauran muka ƙone a bayan gari. Cikin kwandon muka tarar da jajayen silifas ɗinta, ƙafa biyu. Murfin tukunyar Hajja ma ya fito daga ƙarƙashin buhuna.

Yanzu in abu ya mutu, ranar yake barin gidana. Rigar da ta yi wa yaro kaɗan ba ta kwana biyu ban ba wata ba, kuma ba na sayo sabo sai tsohon ya fita. Ba wai na samu lokaci fiye da da ba ne, hawasha tana nan, wanki yana nan. Na dai gane cewa duk abin da na ce zan gyara wata rana, a cikinsa 'ya'yana suke wasa yau. 'Yan uwana mata, ina roƙonku don Allah: duk wani abu mai murfi da yaro zai iya shiga, talaja ko akwatin ƙarfe ko ganga, in ba ya aiki a fitar da shi ko a cire murfin. Kada ki tsorata yaro da duka a kan wani ɗaki har ya gwammace ya yi shiru a ciki. In kuma yaro ya ɓace, Allah ya kiyaye, to wurin da kike jin kunyar a gani, nan za ki fara buɗewa, ki shiga da ƙafarki, ki bar kowa ya shiga.

'Yata ta shiga makaranta yanzu, ta koma surutunta, amma har yau ba ta yarda a rufe ƙofa tana ciki. Ko banɗaki za ta shiga sai ta kira ni. In ina tuƙa abinci sai in sauke, in ina da baƙi sai in bar su da jabanarsu, in je in tsaya in riƙe mata ƙofar a buɗe. Daga ciki takan tambaye ni ko ina nan, in ce ina nan, jim kaɗan ta sake tambaya.