Sukari a Cikin Nama

Ni mahauci ne, ubana mahauci, kakana ma haka. Makaranta firamare na tsaya, ita ma ban ƙarasa ba. A unguwar Harlem, nan ƙasar Turawa, nake yankan nama a shagon wani mutum da ko riƙon wuƙa bai iya ba, amma shi ne maigida. Ƙasar ke nan.

Da muka rabu da matata, 'yarmu ɗaya ta zauna wurinta, sai ranar Asabar ake kawo mini ita ɗakina a unguwar Bronx. Sunan mahaifiyata ta ci, Mamana nake ce mata. Tana zuwa, amma ba ta cin abincina. In na tuƙa tuwo ta ce ta ƙoshi. In na gasa nama ta ce yaji ya yi yawa. Ta zauna da waya a hannu, in yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci. Uwarta ta fara cewa tunda yarinya da yunwa take dawowa, gara a rage zuwan. Na san inda maganar ta dosa. Asabar ɗin nan ita kaɗai ta rage mini.

Wani watan Maris ta shigo fuska a murtuke. Da ƙyar na ciro dalili daga bakinta. Wai jiya a makarantarsu an yi ranar wani abinci, silofi jo. Mutanen nan har burodi sai sun ware masa rana. Niƙaƙƙen nama ne cikin jar miya, a cusa a burodi yana zuba ta ko'ina. Kowa ya ci ya ɓata baki ana dariya, ita kuma aka miƙa mata burodi da cuku, don naman ba halal ba ne.

Na ce, "Shi ke nan abin? Sa rigar sanyinki."

Ni fa ban yarda da niƙaƙƙen nama ba. Duk naman da aka niƙa ba a gabanka ba, akwai abin da ake ɓoye maka. Muka hau jirgin ƙasa har shago, na zaɓi kafaɗar sa mai ɗan kitse, na niƙa da hannuna tana kallo.

A gida na soya shi da albasa, na yi ta juyawa har ruwan ya ƙone, ya yi warawara kamar dambu. Aiki mai tsabta. Na zuba a burodi na ajiye mata.

Ta ɗaga burodin ta leƙa. "Baba, ba shi ba ne. Wannan ai ba ya zuba."

"To ƙazanta kike so?"

"Eh."

Ta buɗe waya tana karanto mini abin da ake sawa. Tumatirin kwalba, na ce to. Tattasai, to. Sai ta ce sukari.

"Sukari a ina?"

"A naman."

"Mamana, nama fa. Ba koko ba."

Ta ajiye wayar, ta fara jan jakarta kusa da ita. Na tsaya da cokali a hannu. Da ubana zai ga ɗansa yana zuba sukari a naman sa, da ya karɓe wuƙar. Na buɗe gwangwanin sukarin shayina, na ɗebo, na zuba.

"Ƙara," in ji ta.

Na ƙara.

Abin ya dahu ya yi caɓa-caɓa. Ta kama da hannu biyu ta gatsa, miya ta biyo gwiwar hannunta, ta sauka a farar suwaitarta, ta sauka a kafet. Ta cinye ta miƙo faranti. Na ɗanɗana, kuma har gobe ina nan a kan bakana, wannan ba abinci ba ne. Amma naman nawa ne, ni na zaɓa, ni na niƙa, kuma biyu ta ci a gabana har da lashe yatsa.

Bayan an ɗauke ta ba da jimawa ba uwarta ta kira ni, ko sallama babu.

"Me ka yi wa suwaitar yarinyar nan? Sabuwa ce fa!"

"Abinci ta ci."

"Abinci? A wurinka?"

"Tambaye ta. Asabar mai zuwa ki sa mata baƙa."